Kukan Fankar Kwamfuta Da Maganinsa

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, haka kukan kwamfuta ya ke. Sau da yawa na kan ga ɗalibi yana aiki, akwatin kwamfutarsa na gurnani kamar injin niƙa, sai ya kai masa mari a gefe, ƙarar ta ɗan lafa, ya ci gaba da aikinsa. Wani kuwa cire wayar fankar ya kan yi ɗungum don ya huta. Dukansu biyu ba su yi magani ba, sun dai toshe bakin mai kawo musu labari ne.

Abin da ya sa na ga ya kamata in yi wannan bayani shi ne, yawancinku in kun gama a nan Gidan Waya za a tura ku makarantun ƙauyuka, inda babu mai gyara sai an ɗauki kaya zuwa Kafanchan ko Jos. Ga shi kuwa tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Makarantar da ke da kwamfuta uku ko huɗu tak, in ɗaya ta mutu, yara da yawa ne za su shiga ɗakin jarrabawa hannunsu bai saba ba.

Aikin fanka

Cikin akwatin kwamfuta akwai wani ɗan falle da a ke kira ƙwaƙwalwarta. Shi ke yin lissafi duka, yana kuwa yin zafi ƙwarai. In zafinsa ya doshi digiri 100, watau zafin tafasasshen ruwa, sai kwamfuta ta rage sauri da kanta, in abin ya ƙi ta ɗauke wuta, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Saboda haka a ke sa fankoki. Akwai ta bisa ƙwaƙwalwar, akwai ta cikin ƙaramin akwatin da ke rarraba wuta, akwai kuma na jikin babban akwati, ta gaba na jawo iska mai sanyi, ta baya na fitar da mai zafi. Waɗannan na jikin akwati yawanci faɗinsu milimita 80 ne, ko 92, ko 120, ko 140, suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12.

Mu ɗan yi lissafi. A ce fanka tana juyi 1,200 cikin minti guda. Raba da 60, ka ga juyi 20 ke nan cikin daƙiƙa guda. In fukafukanta bakwai ne, suna saran iska sau 140 kowace daƙiƙa. Abin da ke gudu haka, ɗan aibi kaɗan ya isa ya sa shi kuka.

A fara da kunne

Garinmu Kafanchan ya zama mararrabar jirgin ƙasa tun wajen 1927. Cikin aikin reluwe na dā akwai mai bin taragu da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafun yana saurare. Ƙafa mai lafiya amonta daban, tsagaggiya nata daban. Irin wannan kunne na ke so ku koya. Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, zauna ka saurara, ka bambanta irin kukan:

1. Kas-kas-kas mai sauri, kamar yaro ya sa kara cikin sifokin keke. Wannan waya ce ta sauko tana taɓa fiffike.

2. Gurnani ko ƙara irin ta niƙa, wadda ta fi tsanani da sanyin safiya, ta lafa in an jima. Wannan boris ne, watau mazaunin da sandar fanka ke juyawa a ciki. Mansa ya bushe, ko shi kansa ya cinye.

3. Zirrr na kwano, wanda ke tsayawa da ka ɗora tafin hannu a gefen akwati. Wannan noti ne ya kwance, ko murfi bai zauna daidai ba.

4. Huuu ta iska zalla, mai ƙarfi, ba ta sassautawa. A nan fanka lafiyarta ƙalau. Zafi ne ya yi yawa a ciki, shi ya sa a ke kora ta da gudu. An fi jin wannan cikin Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka.

5. Kuka mai tashi yana sauka kamar numfashi. Fankoki biyu ne saurinsu ya yi kusa bai zo ɗaya ba. In ɗaya na juyi 20 a daƙiƙa, ɗaya 21, sai ka ji kukan ya kumbura ya saɓe sau ɗaya kowace daƙiƙa.

Akwai kuka na shida wanda ba na fanka ba ne, ya kuma fi su duka hatsari. In ka ji ƙyat, ƙyat daga faifan da ke ajiye ayyuka, kada ka tsaya neman sukundireba. Maza kwafe aikinka zuwa wani wuri tun faifan bai mutu ba.

Gano mai laifi

Naɗe takarda ta zama kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kunne, ka bi fankokin da ɗaya bakin. In ba ka tabbata ba, kashe kwamfutar, zare wayar fanka guda ta jikin akwati, ka kunna na ɗan lokaci. Kukan ya tafi? Ka kama ta. Bai tafi ba? Kashe, mai da wayar, ka gwada ta gaba. Abu ɗaya a ke canjawa a lokaci guda. Wanda ya kwance abu uku tare, ko kukan ya daina bai san wanne ne magani ba, gobe in ya dawo sai ya sake lalube. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji da mu ke koyarwa a ɗakin kimiyya, ba wata sabuwa ba.

Amma ga gargaɗi biyu. Kada a bar kwamfuta ta yi aiki ba fankar ƙwaƙwalwa. Kada kuma a buɗe akwatin rarraba wuta ko a cusa masa wani abu, domin yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi daga bango. In fankarsa ce ke kuka, aikin mai gyara ne.

Dalilin rawa

Duk wanda ya ga tsohuwa na kaɗi ya san in gululun mazari ya karkace, mazarin ba ya juyawa tsaye, sai ya riƙa rawa. Haka fanka ta ke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo mana ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan laushinta kamar gari, tana manne wa fukafukai, ba kuwa daidai ta ke manne wa kowanne ba. Sa'an nan damina ta zo, ga ta da tsawo a ƙasarmu ta kudancin Kaduna, laima ta jiƙa ƙurar ta daskare. Fiffike ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi, sai fanka ta riƙa fizgar akwati a kowane juyi. Ku lura da wannan: in saurin juyi ya ninka biyu, ƙarfin fizgar ninkawa ya ke yi huɗu.

Fizgar nan ita kaɗai ba ta da amo sosai. Tsirkiyar garaya ma in ba ƙwarya, wa zai ji ta? Akwatin ƙarfe shi ne ƙwaryar, tebur na katako kuwa ya ƙara masa murya. Saboda haka magani iri biyu ne: a rage rawar daga tushe, a kuma hana ta shiga jikin akwati.

Yadda a ke gyara

Kashe kwamfuta, zare waya daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa kayan ciki. Fitar da ita waje. Riƙe fiffike da yatsa, ka share da buroshi mai laushi, gaba da baya. In za ka hura iska kada ka bar fankar ta yi ta juyawa a sake, gudun da ya wuce kima na cin boris. Ƙurar da ta daskare a goge ta da auduga da ɗan sifirit, ban da ruwa. Duba haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar ƙwaƙwalwa, nan ƙura ke taruwa kamar bargo. Bayan dogon hutu kuwa a leƙa da kyau, gama zanzaro ya kan yi gini a ciki, tsaka ma ta kan shiga.

Tattara wayoyi ka ɗaure su nesa da fukafukai. Ɗaura notunan fanka huɗu, kusurwa da kishiyarta, kada ka matse har firam ɗin ya lanƙwashe. Yanko 'yan ƙananan robobi daga tsohon tib na keke, ka sa tsakanin fanka da jikin akwati, wasu kuma ƙarƙashin ƙafafun akwatin. Ɗaga shi daga ƙasa inda tsintsiya ke tā da ƙura, ka bar masa kamar taƙi guda tsakaninsa da bango.

In boris ne, ɗaga takardar da ke manne a bayan fankar. A wasu za ka tarar da ɗan murfin roba, ƙarƙashinsa ga kan sanda. Ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya, ka rufe. Ban da man gyaɗa, ban da manja, domin su kan yi danƙo su kama ƙura. Wasu fankoki a like su ke, ba su da wurin mai. Ku sani kuma mai jinkiri ne kawai ya ke sayo muku. In ka ja fukafukan ka ji sandar na lilo, ko ka ga fiffike ya tsage, sai sabuwa.

Wajen saye, tafi da tsohuwar a hannu don a gwada faɗi da bakin waya. Mai ƙafa uku tana gaya wa kwamfuta saurinta, mai ƙafa huɗu kuwa kwamfuta na iya rage mata sauri ko ƙarawa yadda ta so. In akwatinka na da wurin babba, ɗauki babba, gama tana tura iska mai yawa da juyi kaɗan, kukanta kuma kaɗan ne. Dubi 'yar kibiyar da ke gefenta kafin ka ɗaura. In babu kibiya, iska na fita ta fuskar da takarda ke manne. Fankar da aka juya baibai ba ta kuka, amma zafin ta ke mayarwa ciki.

Shawarata ga kowane malami ita ce ya ware rana biyu a shekara don shara, ɗaya a ƙarshen hunturu tun laima ba ta kama ƙurar ba, ɗaya a ƙarshen damina. A ajiye ɗan littafi a rubuta kwanan wata da abin da aka yi wa kowace kwamfuta, don wanda ya gaje ka ya san inda aka tsaya. A sa manyan yara su yi sharar da hannunsu, kai kana tsaye.

Aikin gwaji

1. Fanka mai fukafukai tara tana juyi 1,800 a minti. Sau nawa ta ke saran iska a daƙiƙa?

2. An rage saurin wata fanka daga 1,600 zuwa 800. Da kashi nawa ƙarfin fizgarta ya ragu?

3. Kwamfuta na zirrr, ka dafa gefenta ta yi shiru. Me za ka fara dubawa, kuma don me?

Wanda ya warware su ya kawo amsa ofishin wannan mujalla, mu duba tare.