Yadda Ake Ɗaura wa Jita Tsirkiyar Nailan, a Kuma Gane Wadda Ta Dace da Hannu

Cikin jitoci masu tsirkiyar nailan da ke kasuwa, iri biyu za mu duba. Akwai ta asali, kilasik, wadda masassaƙin nan ɗan Sifen, Antonio de Torres, ya daidaita siffarta a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai kuma ruwa-biyu, wadda kamfanoni irin su Yamaha, Córdoba da Godin suke ƙerawa saboda makaɗin da hannunsa ya saba da jitar lantarki ko mai tsirkiyar ƙarfe. Tsirkiyarsu ɗaya, ɗaurinsu ɗaya. Sai an ɗaura an kaɗa ake sanin inda suka raba gari.

Kwance tsohuwar tsirkiya kowa ya iya. A dai bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman a ruwa-biyu, domin galibi ƙarƙashin farin ƙashin da ke kan jakinta akwai siririyar na'urar ɗaukar sauti. In ƙashin ya goce, sai ka ji wata tsirkiya ta danne 'yan'uwanta a lasifika.

Gwaninta tana wajen jaki. Ka zura bakin tsirkiya ta hudar jakin daga ɓangaren ramin jita, ka bar jela kamar tsawon yatsa. Ka dawo da jelar ta sama, ka zagaya da ita ƙarƙashin uwar tsirkiyar, sannan ka nannaɗe ta a jikin kanta. Manyan ukun nan masu naɗin waya kaushi gare su, naɗi ɗaya ya ishe su. Ƙananan ukun kuwa santsi ne da su, sai naɗi biyu, mafi siririyar ma uku. Naɗin ƙarshe dole ya sauka bayan kusurwar katakon jaki, ka danne shi da babban yatsa har tsirkiya ta ɗauki ƙarfi. In ya tsaya a sama, kana cikin ɗaurewa za ta suɓuce ta tsula wa fuskar jita bulala, tabon kuma ba ya fita. Shi ya sa tsofaffin hannu suke shimfiɗa ɗan kwali a bayan jaki, wasu har su ɗan kara bakin nailan kusa da wutar ashana ya dunƙule. Ƙulli shida a jere, jeloli duk sun kwanta gefe guda, da ganinsu ka san mai jita ya san abin da yake yi.

Da can da hanjin tumaki ake yin ƙananan tsirkiyoyin. A ƙarshen shekarun 1940 ne Albert Augustine na birnin New York, da ƙarfafawar makaɗi Andrés Segovia, ya fito da na nailan. Sun fi hanji ƙarko, amma suna miƙewa, don haka sabon ɗauri sai ya yi kwanaki kana saita shi kafin ya zauna. Haƙuri ne maganinsa.

To, tsirkiya ta zauna, sai gwaji. Kama wuyan. Na kilasik faɗinsa a sama kusan milimita 52 ne, shimfiɗaɗɗe, an yi shi ne don babban yatsa ya tsaya a baya, sauran yatsu su sami fili. Na ruwa-biyu kusan 48 ne, da ɗan doro, yana cika tafin wanda ya taso da jitar ƙarfe mai 43 ko 44. Milimita huɗu a takarda ba komai ba ne, amma yatsa ya san da su. Gangara ƙasa: a kilasik wuya yana haɗuwa da jiki a gaɓa ta 12, daga nan sai miƙa hannu. Ruwa-biyu an yanke mata kafaɗa, wasu ma sai gaɓa ta 14, tsirkiyar kuma ta fi kwantawa kusa da katako. Galibi akwai sandar ƙarfe a cikin wuyanta da ake juyawa in ya lanƙwashe, abin da ke da rana ga mai zama inda hunturu ke busar da itace.

Daga nan ka kaɗa kowace ba lantarki. Kilasik mai kyau ta fi amo da zurfin murya, ka ja da ƙarfi ta amsa. Ruwa-biyu, musamman mai siririn jiki, muryarta ba ta kai nan ba, in ka matsa mata sai ta yi zizar karo da ƙarafan wuya. Amma jona ta da lasifika cikin ganguna, a nan take cin kasuwarta.

Kada ka kuskura ka ɗaura wa ko ɗayansu tsirkiyar ƙarfe. Janta ya kusa ninka na nailan, zai iya ɗaye jaki daga fuskar jita.

Mai son koyon kiɗan kilasik a hannun malami ya ɗauki ta asali tun farko, ya horar da yatsunsa da faɗinta. Mai kaɗawa a dandali da ke sha'awar taushin nailan kawai, ruwa-biyu ta ishe shi. Kowacce za ka saya, ka riƙe ta ka kaɗa kafin ka biya.