Yadda Ake Zana Bakin Tafki da Fentin Ruwa

A Hausa, duhun da itace ke jefawa ƙasa da siffarsa da ake gani cikin ruwa duk inuwa muke ce musu. To, amma mai zane dole ya raba su. Inuwar rana tana gudun rana ne: da hantsi tana yamma, da la'asar ta koma gabas. Ta cikin ruwa kuwa ba ruwanta da rana. Kullum tana ƙarƙashin abin, kai a ƙasa, ta miƙo wajen mai kallo.

A ce giginya ce tsaye daf da bakin tafki, ruwa kuma ya kwanta. Tsawonta cikin ruwa daidai yake da tsawonta a tudu, sai ka auna da fensir. In kuwa ta ja baya da gaɓa, kanta kaɗai zai fito, don gaɓar ta tare gindin. Nan ne ɗalibai da yawa kan kife dukan hoton kamar an buga hatimi, abin ya fito ba kyan gani.

Fara da sararin sama, da shuɗi tsararo. Sa'an nan ka jiƙa wurin tafkin da ruwa zalla, ka shafa wannan shuɗin, amma ya ɗan fi duhu ta wajenka. Tun takardar tana da danshi, ɗebo launin giginyar ka ja burushi daga gaɓa zuwa ƙasa, ka bar shi ya bazu da kansa. Ka lura, abu mai duhu yakan ɗan yi haske cikin ruwa, fari kuma yakan dushe. Farar rigar masunci ba ta fita fat, sai da ɗan toka-toka.

Kada ka taɓa sai ta bushe. Da hunturu wannan ba ya ɗaukar lokaci, har ma sai ka yi hanzari tun farko. Da damina kuwa sai haƙuri. Bayan nan ka matse burushi mai tsabta, ka share 'yan layuka a kwance, su ne igiyar ruwa. Na nesa sirara a matse, na kusa masu faɗi a warwatse. Biyar ko shida sun isa.

Ƙyallin rana fa? Wannan farar takarda ce da ka bari tun da fari, domin fentin ruwa ba ya rufe duhu da haske.