Me Ya Sa Haɓar Wani Take Karkacewa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu na Simsim, darasinmu na bana a kan fuska ne. Kowa ya duba madubi da kyau zai ga gefen damansa bai yi daidai da na hagu cif-cif ba. Na wasu ne kawai ya fi fitowa.

Ƙasusuwan kan babban mutum 22 ne: 8 sun rufe ƙwaƙwalwa, 14 na fuska. A cikinsu muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai yake motsi, kuma a jikin ƙoƙon kai yake rataye, ta gaɓoɓi biyu. Ka ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji su. To, idan mazaunin gaɓa ɗaya ya ɗara ɗayan gaba ko sama, dole haɓa ta karkace, kamar ƙofar da aka kafa a bango mai gangara.

Wannan yakan faro tun ana jariri. Kan jariri da taushi yake, madiga ma ba ta rufewa sai wajen wata 18. Idan kullum a gefe guda yake kwanciya, ƙeyar wannan gefen takan baje, kunne ya matsa gaba, gaɓar muƙamuƙi ta bi shi. Shi ya sa muke roƙon iyaye mata, musamman lokacin yankan riɗi da ake shimfiɗe yara a inuwa, su riƙa juya kan jariri, yau dama gobe hagu, a goyo ma haka. Yaron da ya faɗi a kan haɓarsa kuma a kai shi a duba, don gaɓar da ta ji rauni ba ta girma kamar 'yar'uwarta.

Amma fa a kula. Karkacewar ƙashi a hankali take zuwa, cikin shekaru. Bakin da ya karkace dare ɗaya matsalar jijiya ce, wani lokaci ma farkon shanyewar ɓarin jiki. Kada a tsaya cewa marin aljani ne. A yi addu'a a kan hanya, a garzaya asibitin Gadarif.

Mu kuma ɗalibai, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da laƙabi. Kada mu ƙara kiran wani "mai karkataccen baki".

Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, amin.