Baƙar ƙurar da ke manne ga ƙafar mota

Ran kasuwa motoci suna shigowa ƙauyukanmu daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Tawa. In an sauke kaya, samari su ɗauko bokiti su wanke mota, direba ya biya su. Sana'a ce mai kyau. Amma ku dubi ƙafar gaba. Akwai wani baƙin datti da ke manne ga ƙarfen da taya ke zaune a kansa. A zuba ruwa, a goga, yana nan. Wasu suna cewa ƙurar hanya ce. To, ƙurar hanyarmu ja ce ko fara. Wannan baƙar daga birki take fitowa.

Yaya birki ke yin ƙura?

In direba ya taka birki, takalmin birki yana matse wani ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A ƙafar gaba, galibi ƙarfen kamar faifai yake. A ƙafar baya ta motocin kaya kamar kwano yake, masu gyaran mota suna ce masa tambur. Kun san dutsen niƙa da ɗansa: yau da gobe suna cin juna. Haka takalmi da ƙarfen nan suke yi. Garin da ke fita shi ne ƙurar birki. Akwai garin ƙarfe cikinta, kuma da zafi take fita, sai ta kama fenti. In raɓa ko ruwan sama ya taɓa ta, ta yi tsatsa, ta ƙara kamawa. Ƙafar gaba ta fi baƙi domin in an taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, birkin gaba ya fi aiki.

Kada a hura ta

Ƴan'uwa, nan ne babbar magana. Shekaru da yawa ana yin takalmin birki da wani dutse mai zare-zare, sunansa amiyant, domin ba ya ƙonewa. Zarensa ya fi gashi siranta nesa, ido ba ya ganinsa. In ya shiga huhu, ba ya fita da sauƙi. Ba ya sa tari a ranar. Sai bayan shekara 20 ko 30 mutum ya fara rasa numfashi, wani ya kamu da ciwon daji. Faransa ta hana aiki da shi a 1997. Amma akwai ƙasashen da ba su hana ba, kuma kayan gyara daga ko'ina suke zuwa kasuwanninmu. Ba a gane mai amiyant da ido.

Na ga yaron mota ya cire tambur, ya duƙa, ya hura da baki kamar mai hura wuta. Ƙura ta tashi ta rufe masa fuska, ya yi dariya. Ni ban yi dariya ba. Ko babu amiyant, garin ƙarfe ba abincin huhu ba ne. Kada a hura da baki, kada a hura da famfon iska, kada a kaɗe da busasshen tsumma. A jiƙa ta tukuna. Ƙurar da ta jiƙa ba ta tashi. Rawani da aka ja kan hanci yana tare yashi, amma ba ya tare wannan zare.

Yadda ake wankewa

A bar mota ta huce cikin inuwa. Motar da ta sha hanya birkinta yana da zafin da zai ƙone hannu, kuma ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi yana iya tanƙwara shi. A sa dutse gaban taya da bayanta don kada mota ta gangara.

A zuba ruwa a hankali daga sama, yashi ya sauka. In an fara goga da yashi, fenti zai karce. A dama garin sabulu cikin rabin bokiti har ya yi kumfa. A shafa, a bar shi kamar minti 5, amma kada ya bushe. Sannan a goga da soso. Lungunan da soso ba ya shiga, wajen kusoshi da ramuka, tsohon buroshin haƙori ya isa. A ɗauraye. A gama ƙafa ɗaya kafin a koma wata.

Wadda ta yi wata da watanni ba ta fita da wanki ɗaya. A sake sau 2 ko 3. Inda ɗigon tsatsa ya ƙi, a matsa lemun tsami kan tsumma, a goga wurin kaɗai, a ɗauraye nan da nan. Abin da ya ci fenti ya riga ya ci, sai sabon fenti.

Sosan ƙafa dabam, sosan jikin mota dabam. Kuma a yi wankin nesa da rijiya, nesa da tabkin da bisashe ke sha.

Abin da ba a sa wa

Gazuwal da baƙin mai suna sa ƙafa ƙyalli, shi ya sa yara ke son su. Amma in mai ya taɓa takalmin birki, birki ba zai kama ba. Mota cike da mutane da buhunan hatsi, ku yi tunani. Ruwan batir yana cin ƙarfe, yana cin hannu, yana makantar da ido. Ƙafa mai farin ƙarfe mara nauyi, wato alminiyam, ba ta son kanwa, ba ta son ruwan toka, ba ta son sosan ƙarfe. Mata sun san yadda kanwa ke baƙanta farar tukunya.

Mai wanki ya buɗe ido

Ƙura tana ba da labari. In ƙafar dama ta fi ta hagu baƙi sosai, mai yiwuwa birki ɗaya yana kamewa, ba ya saki. In dattin yana da danshi da maiƙo, mai yana yoyo: ko man birki, ko man da ke cikin cibiyar ƙafa. In an ga tsaga kusa da ramin ƙusa, ko ƙusa ta kwance, a gaya wa direba kafin ya ɗauki mutane. Watakila ya yi fushi. A gaya masa dai.

Bayan wanki birki yana jiƙe, ba ya kamawa sosai. Direba ya tashi a hankali, ya taka birki sau da yawa a fili har ya bushe, sannan ya hau hanya.

Tambayoyi da lissafi

Don me ƙafar gaba ta fi ta baya baƙi? Don me ake jiƙa ƙurar kafin a taɓa ta?

Wani saurayi ya wanke mota 4 ran kasuwa. Kowace mota an biya shi dala 100. Ya sayi sabulu na dala 30 da ruwa na dala 40. Dala nawa ta rage masa? Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku nuna wa malaminku.