Ɗan kokawa, kada sikeli ya yanke maka hukunci shi kaɗai

Wani matashi daga Barmou ya aiko da tambaya. Manomi ne, ɗan kokawa ne kuma idan an gama girbi. Ya je asibiti a Tahoua, aka auna tsayinsa mita 1.70, nauyinsa kilo 80, aka rubuta masa IMC 27.7, aka ce ƙiba ta fara masa yawa. Yana so ya sani: ya rage cin abinci ne?

Ƙanena, kada ka taɓa kwanonka tukuna. Bari mu fara da yadda aka samu wannan lamba. IMC, wanda masu Turancin Ingilishi ke kira BMI, lissafi ne mai sauƙi: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Naka, 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 80 da shi, sai a samu 27.7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Ma'aikacin da ya auna ka bai yi kuskuren lissafi ba.

Matsalar tana ga ma'aunin kansa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙirƙiro shi wajen shekarun 1830, don nazarin jama'a da yawa a dunƙule, kuma Turawa ya auna. A 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya ne. Saboda haka saurayin da ya yi damina riƙe da hauya, ya yi kaka yana ɗaga ƙarti a fage, yana iya kai 27 ba shi da tumbi, alhali mai zaman shago da ke da 24 kitse ya naɗe masa ciki. Na biyun ne ya fi kusa da ciwon suga da hawan jini. Tun da aka fara kokawar takobi ta ƙasa a Tahoua a 1975, Adarawa sun saba ganin ƙarti masu faɗin ƙirji waɗanda wannan lissafi zai kira masu ƙiba.

Ga abin da za ka yi, kuma ba ya cin ko dala. Nemi igiya, ka yanka ta daidai tsayinka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai. Ninka ta biyu. Ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi, ba tare da ka tsuke ciki ba. Idan bakin igiyar ya haɗu, kana cikin iyaka. A tsayinka, zagayen bai kamata ya kai santimita 85 ba. Idan bai haɗu ba, to ba tsoka kaɗai ke gare ka ba, sai ka rage lemun kwalba, sukarin shayi da soye-soye, ka kuma sa a duba jininka da suga. Na ga 'yan wasa da yawa da suka bar fage amma ba su rage kwano ba, suna ta fakewa da cewa jikin kokawa ne.

Inda IMC ke da amfani sosai a wajenmu shi ne ta ƙasa. Ɗan ƙwallo mai tsayi 1.75 da kilo 55 yana kan 18, kuma idan nauyin na ci gaba da zubewa a watannin da rumbu ya yi ƙasa, wannan gargaɗi ne na gaske. Ya ƙara wake, gyaɗa, nono da cuku a kan furarsa, ya sassauta horo. Idan akwai tari mai daɗewa ko zazzaɓin dare, ya tafi likita. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kuwa, ba a auna su da waɗannan lambobi, suna da nasu jadawali na shekaru.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da ke sayen ƙwayoyin ƙara ƙiba a hannun 'yan talla don su cika ido a fage. Wasu daga cikin ƙwayoyin, irin su dexamethasone, ruwa da kitse suke tarawa, su kumbura fuska, su ɗaga suga da jini, su kuma raunana tsokar da ake nema. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na da haɗari; ya je likita a rage masa sannu a hankali.

Ka riƙa hawa sikeli kafin horo da bayansa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Kowane kilo ɗaya da ya ɓace a tsakani, kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ta fita a gumi, kuma sai ka mayar da ita kafin ka sake shiga fage.