Yaro ya haddace y = mx + c, amma ya san me yake faɗa?

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke Shango, a nan Minna, kuma akwai abin da nake so iyaye da 'yan'uwana malamai mu duba tare. Ɗalibanmu da yawa sun haddace y = mx + c tsaf, amma da ka ce su faɗa maka aikin m da c, sai aji ya yi tsit. Wannan yana damuna ƙwarai, domin tambaya kan wannan lissafi na layi miƙaƙƙe tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da ta NECO, wadda aka kafa a 1999 kuma hedikwatarta na nan garinmu, kan hanyar Bida.

Alhali abin yana tsakar gidanmu. A ce an kunna famfon bohol yana zuba ruwa a tanki. Bayan minti 2 ruwan ya kai lita 300, bayan minti 6 ya kai lita 500. Mu ba minti suna x, lita kuma y. A cikin minti 4 an ƙaru da lita 200, wato lita 50 kowane minti. Wannan 50 ita ce m, gangarar layin: yawan ƙaruwar y duk lokacin da x ya matsa taki ɗaya. Saura c. Minti 2 sau 50 ya ba da lita 100, amma mun ga 300 a tanki, ashe tun kafin a kunna famfo akwai lita 200 kwance a ciki. Ita ce c, inda layin ya yanki sandar y a takardar giraf. Ga amsa ta fito: y = 50x + 200.

Da aka kashe famfo aka fara ɗibar ruwa kuwa, sai layin ya koma yin ƙasa, m ta ɗauki alamar ragi. Yaron da ya taɓa ganin tanki yana raguwa ba ya tsoron wannan alamar.

Inda aka fi zubar da maki shi ne wajen ɗebewa. Wajen raba ƙaruwar lita da ƙaruwar minti don samun m, yaro zai ɗebe 300 daga 500 a sama, a ƙasa kuma ya juya ya ɗebe 6 daga 2, sai tankin da ke cika ya zama mai yoyo a takarda. Wani kuma a ba shi 2y = 6x + 8, ya yi wuf ya ce gangara 6 ce, bai raba komai da 2 ba, alhali 3 ce, c kuma 4. Masu kallon darasi a YouTube su sani, a Amurka y = mx + b ake rubutawa; harafi ne kawai ya canza.

Tun 1637 René Descartes na Faransa ya nuna yadda ake mayar da zane lissafi, a mayar da lissafi zane, don haka kada mu bar yaro da haruffa zalla, ya zana layin da hannunsa. Iyaye, ko ba ku yi boko mai zurfi ba, ku ce ya mayar da lambobin cikin amsarsa a gabanku: 50 sau 6, a tara da 200. In 500 ba ta fito ba, ya koma ya duba ɗebewarsa.