Darasi: Kula da Takalmin Fata

'Yan'uwa, takalmin fata yana da tsada, amma mukan kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba. Fata tana bukatar mai kamar jikinmu. In ta rasa, hunturu ya tsattsage ta.

1. Mu fara kakkaɓe ƙura da burushi, gama yashi yakan ci fata.
2. Mu shafa man takalmi kaɗan da tsumma, ya sha minti 10, sa'an nan mu goge.
3. In ya jiƙe, kada mu kai shi bakin wuta, gama zafi yakan ƙandarar da fata. Mu cusa masa tsohuwar jarida, ya bushe a inuwa.
4. Dunduniya ta soma cinyewa, sai wurin baduku.

Tambaya: Don me ba mu shanya takalmi a rana?